Wa ke zaɓen daliget, wa kuma ke zaɓen masu zaɓen shugaba a Amurka?

Malam Nasiru, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da darasin gwamnati a makarantar sakandare, kuma jiya wani ɗalibi ya yi mini tambayar da ban gamsu da amsar da na ba shi ba. Cewa ya yi, a duk shekarar zaɓen Amurka yana jin ana maganar daliget wajen watan Maris, sannan in Nuwamba ta zo sai a koma maganar mutum 538 waɗanda aka ce su ke zaɓen shugaban ƙasa. Shin mutanen nan ɗaya ne? In ba ɗaya ba ne, wa ke tsayar da kowane rukuni: gwamna, ko jam'iyya, ko masu jefa ƙuri'a? Ina roƙon masu ilimin abin, musamman 'yan uwanmu mazauna can, su warware mana.

Dakta Bashir, Ames, jihar Ayowa

Wa alaikumus salam Malam. Rukuni biyu ne, kowanne da aikinsa da lokacinsa. Daliget na jam'iyya ne, su ke zuwa babban taron ƙasa a watan Yuli ko Agusta su tsayar da ɗan takara. Su kuwa 538 ɗin nan tsarin mulki ne ya kafa kujerunsu, kuma sai bayan babban zaɓe suke zama, a watan Disamba, su jefa ƙuri'ar da ita ce a hukumance take naɗa shugaban ƙasa. Abin da ya haɗa su shi ne, a mafi yawan jihohi reshen jam'iyya na jiha ne ke fitar da sunayensu, wani lokaci ma a zama ɗaya. Bari in fara da daliget, don shi na gani da idona.

Ran 15 ga Janairu 2024 wani abokin aikina ɗan jam'iyyar Republican ya ɗauke ni zuwa taron unguwarsu, wanda suke kira kokas, ni a matsayin ɗan kallo tunda ba ni da ƙuri'a. Daren nan sanyi ya kai inda numfashi ke daskarewa a gashin baki, amma kafin ƙarfe bakwai ɗakin cin abincin wata firamare ya cika da mutane, kowa da jibgegiyar riga. Aka ba wakilin kowane ɗan takara 'yan mintoci ya yi magana, aka raba ƙananan takardu, kowa ya rubuta suna, aka tara a kwali, aka ƙirga a kan tebur a gaban kowa. Ana faɗin sakamako sai mafi yawan jama'a suka tashi suka nufi motocinsu. Waɗanda suka rage ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma su ne suka zaɓi mutanen da za su wakilci unguwar a taron kawunti, wato abin da ya yi kama da ƙaramar hukuma, ga shi jihar tana da guda 99. Daga taron kawunti a tura wakilai zuwa taron mazaɓar ɗan majalisar tarayya da taron jiha, a can ne ake fitar da ainihin mutanen da za su tafi taron ƙasa. Ayowa ta samu daliget 40 a shekarar: uku daga kowace mazaɓa cikin mazaɓunta huɗu, 25 na jiha baki ɗaya, sai uku na kujera, wato shugaban jam'iyya na jiha da namiji da macen da ke wakiltar jihar a kwamitin ƙasa. Ƙuri'ar daren nan ita ta raba adadin, Trump ya samu 20, DeSantis 9, Haley 8, Ramaswamy 3. Amma su wane ne za su zauna a kujerun nan 40, wannan aiki ne na daban da aka yi watanni ana yi.

Alhaji Sule, Kano

Dakta, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni da na yi shekara ashirin a harkar jam'iyya, bayaninka ya ƙara tabbatar mini da cewa ko'ina siyasa sunanta siyasa. Ka ce jama'a sun watse, 'yan tsiraru suka zauna suka rubuta sunaye. To ai mu ma haka muke yi. Na taɓa tsayawa neman zama daliget a mazaɓata, na sayi fam, na tara mutanena tun da safe muna jiran jami'an da za su gudanar da zaɓe, har la'asar ba su zo ba, washegari muka ji an riga an kai jerin sunaye hedikwata. Wanda ya riƙe shugabannin jam'iyya shi ya riƙe daliget, wanda ya riƙe daliget kuma shi ke da tikiti. A 2022 mutum ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma ya je Abuja a PDP, Atiku ya ci da ƙuri'a 371 a kan 237 na Wike, a APC kuma mutum uku uku ne, Tinubu ya samu 1,271. 'Yan dubbai ke nan suka yanke wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 waɗanda za ta zaɓa a tsakaninsu. Ina bambancin yake?

Dakta Bashir, Ames, jihar Ayowa

Ranka ya daɗe, tarihin jihar nan ma ya ba ka gaskiya ta wani gefe. A 2012 an fara shelanta cewa Mitt Romney ne ya ci kokas na Ayowa da ƙuri'a takwas, daga baya aka tantance aka ce Rick Santorum ne da ƙuri'a 34, Ron Paul kuma ya zo na uku. Amma mutanen Ron Paul su ne ba su tafi gida ba. Suka zauna har ƙarshen kowane taro, suka cika tarukan kawunti da na jiha, suka karɓe shugabancin jam'iyyar, aka wayi gari a taron ƙasa na Tampa jihar ta ba shi ƙuri'a 22 cikin 28. Abin ya yi wa uwar jam'iyya zafi, shi ya sa aka gyara doka cewa duk jihar da ta tambayi 'yan jam'iyya wa suke so, dole ta ɗaure daliget ɗinta da amsar. A 2016 reshen Kolorado ya ƙi yin wannan tambayar kwata-kwata, aka tafi tarukan jam'iyya kai tsaye, Ted Cruz ya kwashe daliget 34, Trump ya yi ta ƙorafin an yi masa maguɗi. Saboda haka ƙofar da kake magana a kai tana nan. Bambancin shi ne yau a mafi yawan jihohi daliget a ɗaure yake a zagayen farko. Ko ba ya ƙaunar ɗan takarar da aka ɗaura masa, sakataren taron ƙasa zai rubuta ƙuri'arsa inda doka ta ce, don haka mai neman sayen sa ba shi da abin saye. Ban ce mutanen can sun fi namu tsoron Allah ba, ƙa'ida ce ta rage wa kujerar tsada.

Hajiya Maryam, Houston, jihar Teksas

Sallama ga kowa. Ni ina da takardar zama 'yar ƙasa, kuma na halarci taron jam'iyyar Democrat na yankinmu, don haka bari in kawo nasu tsarin, domin ya sha bamban da abin da Dakta ya faɗa. A Republican uwar jam'iyya ta bar wa jihohi wuƙa da nama, ta yadda daga 15 ga Maris jiha tana iya cewa wanda ya zo na ɗaya ya kwashe duka, kamar yadda Fulorida da Ohio suke yi. A Democrat babu wannan. Kowane reshen jiha sai ya rubuta cikakken tsarin zaɓen daliget ɗinsa, ya baza shi jama'a su yi sharhi, sannan ya aika wa kwamitin dokoki na ƙasa ya amince. Rabo kuma bisa kason ƙuri'a ake yi a ko'ina, da sharaɗin ɗan takara ya samu kashi 15 cikin ɗari. Wannan sharaɗi ana duba shi a matakin jiha, ana kuma duba shi a kowace mazaɓa ita kaɗai. Misalin da ya shafe mu shi ne Michigan a 2024, inda mutum sama da 100,000, cikinsu har da Musulmi da Larabawa da yawa da yaƙin Gaza ya ɓata wa rai, suka zaɓi gurbin da ke nuna ba su goyon bayan kowa. A jiha baki ɗaya ba su kai kashi 15 ba, amma sun haye shi a mazaɓu biyu, sai suka tashi da daliget biyu.

Daliget masu alkawari, wato waɗanda suka yi alkawarin bin wani ɗan takara, kashi uku ne: na mazaɓu, waɗanda su suka fi yawa, da na jiha baki ɗaya, da wani kaso da ake ware wa masu riƙe da muƙamai irin su magadan gari da 'yan majalisar jiha. Dole a raba kujerun daidai tsakanin maza da mata. Mai son zama daliget sai ya cika fam ya rubuta ɗan takarar da yake bi, kuma ofishin ɗan takarar yana da ikon duba jerin ya soke sunan wanda bai yarda da shi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki ranar da na je taronmu shi ne yadda wata dattijuwa, malamar makaranta mai ritaya, take bin kujeru ɗaya bayan ɗaya tana raba 'yar takarda mai hotonta, tana roƙon a zaɓe ta. Da na tambaye ta wa zai biya kuɗin tafiyar, sai ta ce ita ce, jirgi da otal da abinci duk daga aljihunta, kuma 'yan cocinsu sun fara tara mata gudummawa.

Alhaji Sule, Kano

Hajiya, na ji wannan, kuma na yaba. To amma ina batun manyan daliget da ake cewa ba zaɓensu ake yi ba? Sannan ki amsa mini wannan: a 2024 mutum wajen miliyan 14 suka zaɓi Biden a zaɓen fidda gwani, amma Kamala Harris aka tsayar, wadda ba a jefa mata ƙuri'a ko ɗaya a matsayin mai neman shugabanci ba. In ba daliget da manyan jam'iyya ne suka yi wannan ba, su wa suka yi?

Hajiya Maryam, Houston, jihar Teksas

Alhaji, su ne suka yi, ba zan musa ba. Biden ya janye ran 21 ga Yuli, bayan an gama zaɓen fidda gwani a ko'ina, kuma dokar Democrat ba ta ɗaure daliget da igiya irin ta Republican ba, abin da ta ce shi ne ya bi ra'ayin waɗanda suka turo shi iyakar gaskiyar zuciyarsa. Da wanda suka yi wa alkawari ya fita, sai suka zama 'yantattu, kuma a farkon Agusta, tun kafin taron Shikago, suka jefa ƙuri'a ta intanet kusan dukkansu suka zaɓi Harris. Ka tuna kuma ofishin Biden da Harris ne ya tantance sunayen mutanen nan tun farko. Ni kaina na so a ce an samu wani ya fito an fafata, amma babu wanda ya tara sa hannun daliget 300 da ake bukata in ban da ita. A nan kam maganarka ta tsaya, wanda aka zaunar a kujera yana da muhimmanci ranar da abin da ba a zata ba ya faru.

Manyan daliget kuwa su ne gwamnoni da 'yan majalisar tarayya na jam'iyyar da 'yan kwamitin ƙasa da tsofaffin shugabanni, sun haura 700, a gefen masu alkawari kusan 4,000. Asalin abin ya koma 1968, lokacin da aka tsayar da Hubert Humphrey a Shikago alhali bai shiga zaɓen fidda gwani ko ɗaya ba, ga zanga-zangar yaƙin Vietnam a bakin ƙofa. Kwamitin da jam'iyyar ta kafa ƙarƙashin McGovern da Fraser ya gyara dokoki aka mayar da ƙarfi hannun masu ƙuri'a. Bayan shan kaye a 1972 da 1980 sai manya suka ga an ture su da yawa, aka ƙirƙiro musu waɗannan kujeru, aka fara aiki da su a 1984. Rigimar Hillary Clinton da Bernie Sanders ta sa a 2018 aka hana su jefa ƙuri'a a zagayen farko, sai dai in wani ya riga ya samu rinjayen da ƙuri'arsu ba za ta sauya ba.

Malam Nasiru, Zariya

Na gode ƙwarai, ɓangaren daliget ya fito fili. Saura 538. Ni a aji na kwatanta su da masu zaɓen sarki, kamar yadda a Kano ake da Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Maituta. Ko kwatancen ya yi?

Barista Zainab, Abuja

Malam, kwatancen ya dace da niyyar waɗanda suka rubuta tsarin mulkin a 1787, domin Alexander Hamilton ya kare tsarin da hujjar cewa mutane masu hankali ne za su zauna su auna wanda ya cancanta. Amma bai dace da yadda ake yi yau ba, saboda masu zaɓen sarki shawara suke yi, su kuwa waɗannan an riga an yanke musu.

Lissafin shi ne kowace jiha tana da adadin 'yan majalisar wakilanta da sanatocinta biyu. Wakilai 435 da sanatoci 100 sun ba da 535, sai uku na birnin Washinton da gyaran tsarin mulki na 23 ya ba shi a 1961. Kalifoniya tana da 54, Teksas 40, Fulorida 30, ƙananan jihohi irin su Wyoming da Vermont uku uku, kuma mai nasara sai ya samu 270. Tsarin mulki ya bar wa majalisar dokokin kowace jiha ta tsara yadda za a naɗa su, amma ya hana sanata ko ɗan majalisar wakilai ko mai riƙe da muƙamin gwamnatin tarayya ya zama ɗaya daga cikinsu. A da majalisun jihohi da yawa da kansu suke naɗawa, South Carolina ta ci gaba da haka har 1860. Yau kowace jam'iyya tana tsayar da nata cikakken jeri tun kafin zaɓe, kuma hanyar ta danganta da dokar jiha. A Teksas taron jam'iyya na jiha ne, wakilan kowace mazaɓa cikin 38 su ware su zaɓi mutum ɗaya, a ƙara biyu na jiha. A Pensilbaniya ɗan takarar shugaban ƙasa da kansa ke miƙa sunaye. A Fulorida kwamitin zartarwar jam'iyya ke ba gwamna jeri. A Kalifoniya kuwa, a ɓangaren Democrat, 'yan takarar majalisar tarayya ne kowa ke kawo mutum ɗaya. Yawanci tukuici ne ga amintattun jam'iyya, shi ya sa Bill Clinton ya kasance cikin na New York a 2016, shi da Hillary duka kuma a 2020.

Ranar zaɓe, mutumin da ya dangwala wa ɗan takara a zahiri jerin mutanen jam'iyyarsa ya zaɓa, ko da yake a yawancin jihohi sunayensu ba sa kan takardar. Wanda ya fi ƙuri'a a jiha, ko da guda ɗaya ce, jerinsa duka ke wucewa, na abokin hamayya ya faɗi. Maine da Nebraska ne kaɗai ke rabawa, biyu ga wanda ya ci jiha, ɗaya ɗaya ga wanda ya ci kowace mazaɓa, shi ya sa mazaɓar Omaha ta ba Obama ƙuri'a a 2008, Biden a 2020, Harris a 2024, alhali sauran Nebraska na Republican ne.

Alhaji Sule, Kano

Barista, to su waɗannan ai sun fi daliget haɗari. Mutum 538 kacal, in aka samu zaɓe mai tsauri, mutum biyu ko uku sun isa su juya ƙasa. Me zai hana a bi su gida da dare?

Barista Zainab, Abuja

Alhaji, tsoron nan yana da tushe, domin a 2000 George Bush ya ci da 271, bayan tazarar ƙuri'a 537 a Fulorida, ka ga da mutum biyu sun zame masa da bai kai 270 ba. A 2016 an samu bakwai da suka saɓa alkawari. Biyar na Hillary Clinton ne: uku a jihar Washinton suka zaɓi Colin Powell, ɗaya a can ma ya zaɓi wata 'yar fafutuka mai suna Faith Spotted Eagle, ɗaya a Hawaii ya zaɓi Bernie Sanders. Biyu kuma na Trump ne a Teksas, ɗaya ya ba John Kasich, ɗaya Ron Paul. Aka tashi Trump 304, Clinton 227. Jihar Washinton ta ci nata tarar dala 1,000 kowanne, suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, wadda a Yulin 2020 ta yanke hukunci baki ɗaya, a shari'ar Chiafalo, cewa jiha tana da ikon tilasta musu cika alkawari. Jihohi fiye da 30 suna da irin wannan doka, wasu tara suke ci, wasu kuma take za a soke ƙuri'ar a sauya mutumin. Duk da haka, a ganina babbar kariyar ita ce tantancewar jam'iyya tun farko, don ba a ba wa wanda ake shakka wannan kujera. Har yau saɓa alkawari bai taɓa sauya wanda ya zama shugaban ƙasa ba.

Ni abin da ya fi damuna da tsarin shi ne bai wa mai rinjaye a jiha duka ƙuri'unta. Shi ya sa Al Gore ya fi yawan ƙuri'un ƙasa da sama da 500,000 ya faɗi, Hillary Clinton ta fi da kusan miliyan uku ta faɗi. Mu da muka ɗauko tsarin shugaba mai cikakken iko daga gare su a 1979 ba mu ɗauko wannan ba, muka sa sharaɗin rinjaye da kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. Shi ma ya kai Shagari da Awolowo Kotun Ƙoli a kan jihohi 19 da ƙuri'un Kano, amma aƙalla ƙuri'ar mutumin da jam'iyyarsa ta faɗi a jiharsa tana shiga lissafin ƙasa. Ɗan Republican a Kalifoniya ko 'yar Democrat a Teksas, irin Hajiya Maryam, ba su da wannan.

Malam Nasiru, Zariya

Tambaya ta ƙarshe, Barista, don na san ɗalibin nan zai yi ta. In jam'iyyu biyu kowacce ta ce jerinta ne ya ci, wa ke raba gardama?

Barista Zainab, Abuja

An gwada hakan a 2020. A jihohi bakwai da Biden ya ci, wato Arizona, Jojiya, Michigan, Nevada, New Mexico, Pensilbaniya da Wisconsin, mutanen jerin Republican sun zauna sun sa hannu a takardu sun aika Washinton, kuma ba a ƙirga ko ɗaya ba, domin takardar da doka ta sani ita ce wadda hukumomin jiha suka tabbatar bayan ƙidaya. Bayan da magoya bayan Trump suka kutsa majalisar tarayya ran 6 ga Janairu 2021, ranar da take zaman ƙirga ƙuri'un masu zaɓen, an yi sabuwar doka a ƙarshen 2022. Ta fayyace cewa gwamna ne ke sa hannu a takardar tabbatar da jerin da ya ci, sai in dokar jihar ta riga ta ambaci wani jami'i, kuma mai ƙorafi kotu zai nufa. Mataimakin shugaban ƙasa da ke jagorantar zaman ƙidaya ba shi da ikon karɓa ko ƙin wata ƙuri'a, kuma ba a sauraron ƙorafi a zauren sai kashi ɗaya cikin biyar na kowace majalisa ya sa hannu, maimakon sanata ɗaya da ɗan majalisa ɗaya kamar da. Masu zaɓen ba sa haɗuwa wuri guda, kowane rukuni a jiharsa yake zama, galibi a ginin majalisar dokoki, ranar Talatar farko bayan Laraba ta biyu a Disamba, wadda a 2024 ta faɗo ran 17 ga wata. Takarda ɗaya ta shugaban ƙasa, ɗaya ta mataimaki, kamar yadda gyara na 12 ya tanada tun 1804. In babu wanda ya kai 270, majalisar wakilai ke zaɓa cikin uku na sama, kowace jiha da ƙuri'a ɗaya tak, kuma rabon da a yi haka tun 1825, lokacin da ta zaɓi John Quincy Adams a kan Andrew Jackson.